Ƙadangare, tsaka, damo da guza: masu aikin da ba a biya tsakanin Boɗinga da Shagari

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Yau fita za mu yi daga cikin birnin Sakkwato mu kama hanyar da ta nufi Tambuwal da Jega, wadda ta ratsa Boɗinga ta wuce Shagari. Duk wanda ya san yankin nan ya san shi da tarihi. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, Shagari kuma ita ta ba Nijeriya shugaban ƙasa a 1979. To amma yau ba tarihin mutane ya kawo mu ba. Maganar ƙadangare za mu yi, shi da danginsa.

Na san wani zai ce, duk matsalolin da ke ƙasar nan sai ƙadangare? Ka ɗan yi haƙuri. Manomin geron Ɗanchadi, da mai lambun albasa a fadamar Shagari, da uwar da ke ajiye ruwan sha a randa, kowannensu yana da abin da ya haɗa shi da waɗannan halittu, ko ya sani ko bai sani ba.

Masana sun ƙirga nau'in ƙadangaru sama da 7,000 a duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu zafi suke. Babban cikinsu yana tsibirin Komodo na Indunusiya, yana kaiwa mita 3, ɗan'uwan guzanmu ne na jini. Ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta kuma wata 'yar hawainiya ce ta Madagaska da aka bayyana a 2021, wadda za ta zauna daram a kan farcen yatsanka. Mu a nan Hausa ta raba namu gida shida: ƙadangare, tsaka, kulɓa, hawainiya, damo da guza. Wasu garuruwan za ka ji ana cewa tsari, sunayen sukan ɗan sauya daga gari zuwa gari.

Abin da ya haɗa su duka shi ne jikinsu ba ya ƙera zafin kansa kamar namu. Rana ce murhunsu. Shi ya sa da safiyar hunturu za ka ga ƙadangare ya lafe a bangon da ke kallon gabas, ko motsin kirki ba ya iya yi sai jikinsa ya ɗumama. A watan Afrilu kuwa, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, da tsakar rana ba ka ganinsa sai a inuwar dogon yaro ko cikin tsagar katanga. Wannan tsarin yana da riba babba. Tunda ba ya ƙona abinci don ɗumama jiki, abin da ƙadangare ke buƙata bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da ɓera mai nauyinsa zai ci ba. Ga kuma tattalin ruwa. Ka taɓa lura da ɗan farin nan da ke ƙarshen kashin ƙadangare ko na tsaka? Fitsarinsa ke nan. A daskare yake fitar da shi, don kada ya yi asarar ruwan jikinsa. Ƙasar da ke yin wata bakwai zuwa takwas babu ɗigon ruwan sama, irin wannan halittar ce ke jin daɗinta.

Mu fara da na bango, wanda kowa ya sani. Jan gwada mai jan kai da jiki shuɗi-baƙi shi ne namiji babba. Masu launin ƙasa-ƙasa da ke kewaye da shi mata ne da samari. Kowane jan gwada yana da yankinsa, wataƙila katangar gida ɗaya da rumbu da bishiya guda, kuma a ciki yana da matansa. Gyaɗa kan nan da yake yi yana ɗaga ƙirji yana saukewa, ai ba wasa ba ne, shela ce: nan wurina ne. Idan wani namijin ya ƙi ji, sai su jera gefe da gefe su dinga zabga wa juna wutsiya har ɗaya ya gudu. Jan kan ma ba kullum yake nan ba. Da dare ko in sanyi ya kama shi launin yakan dushe, sai ya sha rana ya dawo. Wani masani mai suna Vernon Harris ya daɗe yana bin rayuwar wannan ƙadangaren a Ibadan, ya fitar da sakamakonsa a 1964, kuma har yau ana komawa ga aikin nasa.

Me yake ci? Tururuwa da cinnaka da gara su ne tuwonsa na kullum. Sai fara, ƙananan ƙwaro, tsutsa, ƙuda. Daren da ruwan farko ya sauka shinge suka fito, washegari sallah ce a wurinsa. Yakan ɗan taɓa fure ko ɓarɓashin abinci, amma asalinsa maci ƙwari ne. Ka yi tunanin gidan ƙasa mai azara da rumbun gero, inda gara ce babbar abokiyar gaba. Ƙadangarun da ke yawo a jikin rumbun nan tun safe har yamma, tsintar gara da tururuwa suke. Ba su iya gamawa da ita, gaskiya, don gara a cikin ƙasa gidanta yake, amma suna rage wadda ta fito fili.

Ga wani abin da na fi so a labarinsa. Da damina ƙadangaruwa takan tona ɗan rami a ƙasa mai laima ta zuba ƙwai kamar 5 zuwa 7, ta rufe ta yi tafiyarta. Bayan wata biyu ko sama da haka 'ya'yan su fito. A 1966, a Dakar, wata masaniya mai suna Madeleine Charnier ta gano cewa zafin ƙasar da ƙwan ke ciki shi ke yanke ko namiji za a ƙyanƙyashe ko mace. Wannan ne karon farko da aka ga haka a cikin dabbobi masu jan ciki, daga baya aka gano kada da kunkuru da yawa ma haka suke. Wato ƙadangaren da yaranmu ke jifa da danƙo, shi ya buɗe wa duniyar kimiyya wannan ƙofar.

Yanzu mu shiga ɗaki, wurin tsaka. Ita aikin dare take yi. Da zarar an kunna ƙwan lantarki ko fitilar sola, ƙwari sun taru, sai ta fito daga bayan silin ko kalanda. Sauro, ƙananan kyankyasai, gizo-gizo, asu, duk tana ci. Tafiyar da take yi a silin kai a ƙasa ba da gam ba ne. A ƙarƙashin yatsunta akwai gashi sirara dubu ɗaruruwa, kowanne kuma ya rarrabu gida-gida, sai su manne da bango ta hanyar ɗan jan da ke tsakanin ƙwayoyin halitta idan sun kusanci juna sosai. Wajen shekarar 2000 masana a Amurka suka auna ƙarfin gashi ɗaya tak, tun daga nan injiniyoyi ke ƙoƙarin ƙera abin liƙi irin nata. Idan mage ta cafke ta, sai ta yar da wutsiya, wutsiyar ta tsaya tana mutsu-mutsu, ita kuma ta sulale. Wata za ta tsiro, sai dai ba ta kai ta farko kyau.

To ga inda ake rigima. An taso an ce mana tsaka dafi gare ta, in ta faɗa miya gida ya mutu, in ta taɓa ka sai kuturta. A ɓangaren addini akwai ingantattun hadisai game da kashe ta, wannan fage ne na malamai, ku tambaye su. A ɓangaren lafiya kuwa magana biyu ce. Ta farko, tsaka ba ta da dafi, ba a baki ba, ba a fata ba, kuturta kuma ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda ba ta da alaƙa da tsaka. Ta biyu, tsoron da iyayenmu ke yi bai tashi a banza ba. A shekarun 1980 masu bincike a jami'ar Nsukka sun samu ƙwayar salmonela a hanjin tsakar gida, an kuma same ta a kashin ƙadangaren bango. Ita ce ke kawo gudawa da amai da zazzaɓi, kuma ta fi yi wa yara ƙanana illa. Kashin ne matsalar. Bahaushe da ya ce ƙadangaren bakin tulu, a bar ka ka ɓata ruwa, ya san abin da yake faɗa. Saboda haka randa a rufe ta, tulu a rufe shi, garin da aka shanya ko kuɓewa ko tumatir a ɗaga su daga ƙasa, kaskon ruwan kaji a dinga wanke shi. Abincin da aka tsinci tsaka a ciki a zubar, don ƙazanta. Kuma don Allah kar wani ya ce tunda ɗakinsa akwai tsaka ya bar gidan sauro. Sauron da take ci bai kai ya kare ka daga maleriya ba.

Kulɓa ba za mu daɗe a kanta ba. Santsin jikinta da sheƙi da yadda take sulɓewa cikin yayi su suka sa ake haɗa ta da maciji. Ba ta da dafi ko kaɗan. Akwai mai zane biyar da shuɗiyar wutsiya, wadda ta fi son duwatsu da tsofaffin gine-gine, akwai babba mai ja a haƙarƙari da ke fitowa da damina a gonaki. Ƙwarin ƙasa take ci. A Afirka kaf babu ƙadangaren da dafinsa ke kashe mutum. Masu dafin gaske suna Amurka da Meziko, kuma abin mamaki, daga yawun ɗaya daga cikinsu aka samo asalin wani maganin ciwon suga da aka amince da shi a 2005.

Hawainiya ita ce ta fi ba ni tausayi. Ba ta iya gudu, ba ta da cizon kirki, makaminta kawai ɓuya da hura jiki. Gidanta sabara da geza da magarya da kan karan gero. Idanunta kowanne yana juyawa da kansa, in ta ga fara sai ta haɗa su wuri ɗaya ta auna nisa, ta harba harshen da ya kai tsawon jikinta ko ya fi. Sauya launin kuma, yawanci ba don ta saje da rigarka ba ne kamar yadda muke cewa. Zafi da sanyi, tsoro, fushi da neman mace, su ne ke juya ta. A 2015 masana a jami'ar Janiba sun nuna cewa a cikin fatarta akwai wasu ƙananan ƙyalƙyali da take matsewa ko ta sassauta, sai hasken da ke dawowa ya sauya launi. Mun sa ta a karin magana, hawainiyarka ta kiyayi ramata, alhali ita ramar ba ta dame ta ba, farar da ke cin ramar take nema. Abin da ke cinye ta a yankinmu a bayyane yake: saran sabara don itace, ƙona daji, mota a kan kwalta lokacin damina, da masu kama ta su busar su kai wa 'yan magani a kasuwa.

Sai manyan gida. Damo na tudu ne. Gajere ne kakkaura, mai faɗin kai, da wuya ya wuce mita ɗaya. Yana zama a rami, ko tsohon suri, ko kogon bishiya. Kirarin da aka yi masa na sarkin haƙuri ya dace da shi fiye da yadda masu kirarin suka zata. Da damina yake cin abincinsa na shekara, ya tara kitse a ciki da gindin wutsiya, in rani ya shigo ya shige rami ya yi watanni kusan ba ci. Daniel Bennett, wanda ya yi shekaru yana bin damo a gonakin Gana, ya samu cewa ƙananan sun fi cin gyare, manyan kuma ƙadandoniya da kunama da manyan ƙwaro da katantanwa. Ka duba jerin nan da kyau. Gyare yana yanke shuka tun tana ƙarama. Ƙadandoniya tana cin irin da aka binne, gyaɗa da gero. Kunama kuwa ba sai na faɗa ba. Damon da aka tono a gona aka gasa, ma'aikaci ne aka kora.

Akwai wani ruɗani da ya kamata mu warware. Dabbar nan ta hamadar Larabawa da ake kira dabbu, wadda ta zo a hadisi, sau da yawa da damo ake fassara ta. A wurin masana dabbobi kuwa gida biyu ne. Dabbu yana da wutsiya mai ƙaya-ƙaya, ganye da fure yake ci, kuma danginsa na kusa da mu suna can duwatsun Azbin a Nijar. Damonmu maci nama ne, harshensa a rabe biyu kamar na maciji. Hukuncin cinsa na malamai ne, mu dai mun faɗi bambancin halitta.

Guza na ruwa ne. Duk inda ka ga gulbi, tafki, ko dam irin na Shagari da fadamun da ke kewaye da shi, nan ne wurinsa. Ya fi damo tsawo nesa ba kusa ba, babba yana kaiwa mita 2, shi ne ƙadangare mafi tsawo a Afirka. Wutsiyarsa a matse take ta gefe kamar filafili, da ita yake iyo, da ita kuma yake duka in an ƙure shi. Ba ya zaɓen abinci: ƙaguwa, kwaɗi, kifi, katantanwa, ɓeraye, ƙananan macizai, mushe. A inda akwai kada, shi ne babban ɓarawon ƙwanta. Macen takan fasa suri mai rai da damina ta zuba ƙwai, wani lokaci har 60, gara ta gyara gininta ta rufe su, ta zame musu ɗakin ƙyanƙyasa mai ɗumi da laima ba tare da ta sani ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce guza waliyyi ne ba. Yana shiga akurki ya sha ƙwai ya kwashe 'yan tsaki, yana yaga raga ya ci kifin masunci. Matar da ta rasa 'yan tsaki goma a dare ɗaya ba za ta saurari lacca a kan muhalli ba, kuma tana da gaskiya. Amma akurki mai ƙofa da waya, a ɗage daga ƙasa, ya fi kashe guza amfani, don in ka kashe wannan wani zai zo, ga tunku da shaho ma suna nan. Shi kuma a bakin ruwa yana kwashe mushen da zai ruɓe, yana rage ɓerayen da ke ɓarna a lambu. In ya cije ka ko ya yage ka da farce, ka wanke da sabulu da ruwa mai yawa ka je asibiti, bakin mai cin mushe ba abin wasa ba ne.

Fatar waɗannan biyun ta daɗe a cikin sana'armu. Da ita ake rufe ƙwaryar goge, dukawa kuma suna yin jaka da takalmi da kube. Matsalar ta zo ne da kasuwar waje. An yi shekaru ana fitar da fatun guza dubbai daga ƙasashen Sahel zuwa Turai, ana kuma kwasar 'ya'yan damo daga Gana da Togo da Benin ana sayar wa masu kiwonsu a gida a Amurka da Turai. Shi ya sa damo da guza da hawainiya duk suna cikin yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975 kuma Nijeriya na ciki. Fitar da su ko fatarsu waje ba tare da takardar izini ba laifi ne. Matasan da ake tuntuɓa a Facebook ko WhatsApp a ce su tara hawainiya za a saya da tsada, ku san da wannan.

To idan babu su fa, me zai faru? An gwada. A ƙananan tsibiran Bahamas, Thomas Schoener da David Spiller sun kwatanta wuraren da ke da ƙadangaru da waɗanda aka cire su. Inda babu su, gizo-gizo ya ninka, ganyen itatuwa kuma ya fi shan ɓarnar ƙwari. Tsibiri daban, gonar Dingyaɗi daban, kuma a wurinmu tsuntsaye da kwaɗi da jemagu ma suna cin ƙwari. Amma hanyar ɗaya ce. Ta sama ma haka: shaho da shirwa da hankaka da macizai da yawa, ƙadangare na cikin abincinsu. Yana tsakiyar sarƙa, yana ci ana cinsa.

Kuma ba duka ne ke cikin haɗari iri ɗaya ba. Jan gwada da tsaka sun iya zama da mutum. Ka rushe ginin ƙasa ka yi na bulo, za su koma bulon, albarkacin kaza ma su sha ruwan kasko. Waɗanda ke ja da baya su ne masu buƙatar daji: hawainiya da damo. Gonaki sun haɗe, saura ta yi ƙaranci, surin da ke tsakiyar gona an baje shi, sabarar kan iyaka an tumɓuke. Sai feshi. Maganin ƙwarin da ake zubawa a wake da albasa da tumatir fiye da ƙima, da fiya-fiyar da ake watsawa a ɗaki, ba ƙwari kaɗai suke kashewa ba. Ƙadangaren da ya ci farar da ta sha guba, shi ma ya sha. Ƙwari kuma sun fi masu cinsu saurin hayayyafa, sai su dawo kafin ƙadangaru su farfaɗo, manomi ya ƙara sayen magani.

Zafi ma yana da nasa. Wani babban bincike da Barry Sinervo ya jagoranta a 2010 ya yi hasashen cewa in ɗumamar duniya ta ci gaba a haka, kusan kashi 20 cikin 100 na nau'in ƙadangaru za su iya ɓacewa kafin 2080. Dalilin mai sauƙi ne. In rana ta yi tsanani da wuri, ƙadangare yana gudu inuwa da wuri, sa'o'in neman abinci su ragu, macen ta kasa tara abin da za ta yi ƙwai. Ka haɗa wannan da abin da Charnier ta gano na zafin ƙasa da jinsin 'ya'ya, ka ga inuwar gawo ko aduwa guda ɗaya a gona ba ƙaramin abu ba ce.

Abin da mai gona zai iya yi ba ya cin kuɗi. Ka bar sabara da kalgo a kan iyakar gona. Surin da bai tare maka garma ba ka ƙyale shi. In za ka yi feshi ka bi ma'aunin da ke jikin kwalba, kar ka wanke tankin feshi a tafki ko bakin dam. In za ka ƙona yayi ka tara shi wuri ɗaya, ka ɗan buga shi da sanda kafin ka sa wuta, kulɓa da hawainiya su fita. Ƙannenmu masu danƙo kuma a nuna musu gwangwani, shi ma yana ƙara in an same shi.

Nan za mu tsaya yau. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a gaida mutanen Boɗinga da Shagari.